Shaddar Anko a Ruwan Abha

Mun tashi da asuba ranar Juma'a daga Birnin Masana'antu na Biyu da ke Riyad, ana sallame salla muka hau mota. Mu uku ne a gaban daina, ƙaramar motar kayan nan mai farin akwati: ni, da wani Basudane da muke karɓa-karɓar tuƙi, da wani dattijo mutumin Maraɗi mai kula da lodi. Katan-katan na kofunan takarda za mu kai wani sito a Khamis Mushait, dab da Abha, can kudu a kan duwatsu, tafiyar da ta kusa kilomita dubu daga Riyad. Kowa ya cusa 'yar jakarsa ƙarƙashin ƙafa, ban da ni. Ni doguwar leda ta gidan wanki na rataye a bayan kujera, kuma tun kafin a tayar da mota na gaya musu duk wanda ya jingina da ita za mu ɓata.

Ku da kuke bibiyata kun san ni da son gayu, ba na musu. Kwana shida ina cikin shuɗin kayan kamfani, ba wanda ya damu ya san ni ne ko wani ne. Ranar Juma'a kuwa sai in ɗau wanka in tafi tsohuwar unguwar Dira, in tsaya jikin ganuwar Masmak, in roƙi duk wanda ya zo wucewa ya ɗauke ni hoto. In tura muku, in tura gida, in sha shayina ni kaɗai in dawo. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina haka. Amma abin da ke cikin ledar nan ba na wankan Juma'a ba ne, kuma sai na faɗa muku dalili za ku gane abin da ya kai ni tafka wautar da na tafka.

'Yata ta fari za a aurar ranar Asabar a Kano. Sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa muke ce mata Ummi. Tana aji shida na firamare na baro gida, yanzu ta gama karatun ungozoma, ta kawo wanda take so, muka bincika muka yarda. Hutuna shekara biyu-biyu ne, kuma bara na cinye shi wajen jinyar tsohuwa, Allah Ya jiƙanta. Sau biyu ina zuwa gaban mudir, wato manajanmu, neman ya bar ni in je, ya buɗe takarda ya nuna min, kuma gaskiyarsa ce. Ɗaurin aure bai dame ni ba, don ko ina gida ƙanina ne waliyyi. Abin da ya tsaya min a rai shi ne faɗan amarya. Kafin a fita da yarinya daga gidan ubanta sai an kawo ta gabansa ta durƙusa, ya yi mata nasiha, ya sa mata albarka, kuma in dai uba yana raye nasa ne wannan. Muka shirya da Yaya, babbar yayata, cewa za ta kira ni ta bidiyo ƙarfe biyu da rabi na gida, wato huɗu da rabi a nan, saboda Bauchi za a kai amarya kuma ba a so dare ya yi musu a hanya. Matan dangin ango duk za su kasance a ɗakin. Ba su taɓa ganina ba, sai labari. Na ƙudurta a raina ranar za su ga uban yarinya, ita ma Ummi za ta ɗaga kai ta ga ubanta ya fito tsaf.

Anko aka yi wa maza, rinanniyar shadda ruwan makuba. Aka ɗinka min tawa babbar riga da 'yar ciki da wando, aka kai wa mabuga suka buge ta har tana ɗaukar ido, aka ba wani mai zuwa Umra ya taho da ita. Hula zanna ce, wankin Kano, an kafe ta da sitati tana tsaye ƙyam. Takalmi kuwa na fata ne, buɗaɗɗe, mai sulɓin ƙasa. Da aka ce aikin Abha ya faɗo ƙarshen makon nan sai da raina ya ɓaci, daga baya na ce ai gara haka, dangin ango su gan ni a gaban korayen duwatsu maimakon jikin bangon sito.

Mun wuce Kharj rana ba ta fito ba, gonakin dabino suna wucewa baƙi-baƙi a gefen hanya. A nan dattijon Maraɗi ya dubi ledata ya ce, “Alhaji, ka ɗauko tufan ɗari?” Na yi dariya. Riyad ta fara zafi, sati biyu ke nan muna kwana da na'urar sanyaya ɗaki. Na ce masa ni da na ci sanyin Janairu goma sha ɗaya a garin nan, wa zai ba ni labarin sanyi. Ya ce shi dai ya sha zuwa Abha, kuma can ba Riyad ba ce. Ya ci gaba da jan carbinsa.

Hanya ce miƙaƙƙiya sambal, mai kyau har ta sa mutum barci. Ba rami, ba shinge, sai kyamarorin da ke laɓe suna jiran wanda ƙafarsa ta yi nauyi. Basudanen ya san inda kowacce take kamar gidan surukansa. A wani gidan mai kusa da Laila muka karya da ful, dafaffen wakensu, da gurasar tamis, tana fitowa daga tanda da zafinta, shayin karak riyal biyu kofi. Daga nan sai yashi da waya da raƙuma, in ka ga mutum to mai zuba mai ne. Mun sami Juma'a a Wadi Dawasir, garin da za ka ga gona kore shar a tsakiyar hamada an zagaye ta kamar faifai. Bayan salla muka ci shinkafar kabsa da kaza, mu uku a tire ɗaya, na ga tsadarta ba ta kai ta unguwar Ulaya a Riyad ba kuma ta fi ta Ulaya yawa.

Da Basudanen ya karɓi tuƙi sai na buɗe waya. Kai, da ban buɗe ba. Bidiyo ne ke ta shigowa daga gida, jiya an yi kamu, yau ana ƙunshi. Tsakar gidana cike da mata, an kafa rumfa, an fente bangon da ban san an fente ba. Na ga yara suna gudu a ƙofar ɗakina, ban san ko 'ya'yan waye ba. Na kira mai ɗakina sau uku ba ta ɗauka ba, kuma ban ga laifinta ba, uwar amarya ina ta ga hannun ɗaukar waya. Gaskiya kaɗaici ya kama ni a wajen nan irin wanda na daɗe ban ji ba, ga mutum biyu a gefena amma ba wanda zan nuna wa in ce ka ga wance, ya gane. Na kifa wayar a cinya na yi ta kallon yashi.

Bayan Taslis hanya ta fara hawa. Kunne ya toshe ya buɗe, daina ta fara nishi, muka kashe na'urar sanyi muka sauke gilashi, can kuma muka ɗage shi da sauri. Mun shiga Khamis ana kiran magariba, kwalta a jiƙe, iska tana shiga ta hannun riga. Muka kama ɗaki mai gado uku. Na lura kowane gado bargo biyu aka ɗora masa, amma ban ɗauki darasi ba. Abin da na fara yi shi ne neman ƙusar da zan rataye ledata.

Da safe kafin ƙarfe goma mun sauke kaya, an sa mana hannu, ba mu da sauran aiki sai Lahadi. Muka ƙarasa Abha muka karya da arika, gurasa ce da ake dandaƙawa da dabino a kwarara mata man shanu da zuma, mai riƙe ciki kamar ɗumame. Gari ya yi kyau ba kaɗan ba. Rana ta fito tar, sama wasai, wasu bishiyoyi a bakin titi sun yi fure ruwan shunayya har yana zuba a kan motoci. Na zauna ina kallon mutanen garin da idon ɗan gayu. Kowa jallabiyarsa mai duhu ce mai kauri, samari sun ɗora jaket, ƙafa a rufe da safa, wasu har da laima a hammata. Na ce a raina waɗannan ba su iya ba, rana irin wannan suna yawo kamar masu jinya.

Ƙarfe goma sha biyu na shirya. Na sa 'yar ciki a kan farar singileti, na zura babbar riga, na naɗe hannuwanta a kafaɗa, na karkata hula, na fesa turare. Basudanen ya yi fito ya ce wallahi ango ma sai haka. Dattijo ya miƙo min wata tsohuwar jaket ɗinsa ya ce ko riƙewa in yi. Na ce a'a, in na ɗora wannan a kan shadda ai na kashe bugun, kuma uban amarya ba ya fitowa da jaket mai tambarin kamfanin siminti. Ya mayar da abarsa bayan kujera.

Muka hau wani tsauni yamma da gari inda ake tsayawa a leƙa kwari. A hanya akwai gwaggon biri garke-garke suna zaune a kan shingen titi suna jiran mai jefa musu gurasa, ga masu sayar da zuma sun ɗaura furanni a ka, maza ne kuwa da gemunansu. Muka ajiye mota. Ƙarfe ɗaya da 'yan mintuna saƙon ƙanina ya shigo, kalma biyu: an ɗaura. Na tsaya jikin ƙarfen shinge na ɗaga hannu na shafa fatiha. A gida a daidai lokacin ana ta musabaha a ƙofar masallaci, ana rabon goro da alawa, ana neman uban amarya a yi masa murna. Ni kuwa ga ni a kan dutse cikin anko, ba mai irin kayana ko ɗaya. Abokan tafiyata suka zo suka ba ni hannu, dattijo ya yi addu'a mai tsawo, na ji daɗinta ƙwarai.

Daga nan na ce bari in nemi wurin da zan tsaya in Yaya ta kira, inda sabis yake da ƙarfi kuma duwatsu za su fito sosai a bayana. Na bi wata 'yar hanya ni kaɗai, ina ɗaga waya ina juyawa, na yi tafiyar da ta kai minti goma daga mota. Na sami wurin kuwa. Ina cikin gwada tsayuwa sai na ga gajimare yana tasowa daga ƙasan kwari, ba daga sama ba. Kafin in gama mamaki ya rufe ni, ko shingen da na dafa da ƙyar nake gani. Iska ta juya ta yi sanyi ƙalau. Sai ruwa, kuma ba da yayyafi ya fara ba, gaba ɗaya ya sauko, da ƙanƙara ƙanana kamar wake suna dukan ƙeyata.

Jama'a, kada Allah Ya sa ku yi gudu da babbar riga a jiƙe. Shaddar da ke tsaye tana ƙara in na motsa sai ta kwanta ta manne a jikina, ta yi nauyi kamar na goya yaro. Takalmin nan mai sulɓi ya ɗauke ni sau biyu, na biyun sai da gwiwata ta kai ƙasa cikin jan taɓo. Hula ta narke ta zubo min a goshi kamar ɗanyen kwaɓi. Waya kaɗai na ceta, na matse ta a hammata. Da na isa mota na dubi hannuwana sai na ga sun rine. Rinin shaddar ne ya zuba, ya bi wuyana, ya shiga singileti, har faratana sun koma ruwan makuba. Basudanen ya dube ni ya kasa riƙe dariya. Na balbale shi da faɗa, Hausa da Larabci duk na haɗa masa, alhali ba shi ya aike ni ba. Daga baya na ba shi haƙuri. Dattijo bai ce ai na faɗa maka ba, ya dai lulluɓa min jaket ɗin simintin nan, ni kuwa na ƙanƙame ta haƙorana suna haɗuwa.

Ƙarfe biyu da rabi muka gangaro gari, saura awa biyu. Muka sami wani gidan wanki, na baje rigar a kan teburin shagon. Mai shagon ya ɗaga ta tana ɗiga, ya ce ba matsala, gobe. Na ce yau nake so, yanzu. Ya ce zai iya busarwa ya goge. Na tsaya ina yi masa bayanin cewa ƙyallin shadda ba na dutsen guga ba ne, da itace ake bugunta a kan gungume har ta yi sheƙi, in ruwa ya taɓa ta kuwa shi ke nan sai an mayar wa mabuga. Yana ta gyaɗa kai, na san ko kalma ɗaya bai gane ba. Na dubi rigar da kyau, ta yi dabbare-dabbare, wani wuri ya koɗe wani ya yi duhu, ga taɓo a gaba. Na ga kaina a gaban surukai ko dai a wulaƙance ko kuma cikin shuɗin kayan kamfani, kuma har na fara tunanin in ce wa Yaya sabis babu, a yi ta murya kawai.

Dattijo ne ya ja ni tsohuwar kasuwar garin, shagon wani tsoho ɗan ƙasa mai sayar da kayan maza. Tsohon ya dube ni daga sama har ƙasa, bai tambayi komai ba sai da ya ba ni tawul da shayi mai ganyen ƙamshi. Dattijo ya yi masa bayanin aure da kiran da nake jira. Tsohon ya ce mabruk, wato barka, ya dubi agogo, ya miƙe.

Ni idona a kan wata farwa yake, alkyabbar nan mai gashi a ciki, don na ga za ta ba da kwarjini. Tsoho ya hana. Ya ce farwa ta zaman hira ce a gaban wuta, ta busasshen sanyi irin na Riyad, in ruwa ya same ta sai ta koma kamar jiƙaƙƙiyar tunkiya a bayanka. Ya ce mu mutanen ƙasar zafi kuskurenmu ɗaya ne, muna neman riga guda mai kauri ta yi mana komai, alhali garinsu sau huɗu yake canza hali a yini. A nan hawa-hawa ake sa kaya, yadda in rana ta fito ka rage, in ruwa ya zo ka ƙara. Ya fara da riga da wando na ciki, sirara masu kama jiki, ya ce su ne tushe kuma ba mai ganinsu. A kai ya ɗora min jallabiyar ulu ruwan toka mai duhu, ya ce fari da haske na bazara ne, a damina duk motar da ta wuce sai ta sa maka hannu a riga. Sai suwaita mara hannu, baƙa, don ƙirji ya ɗumama hannu kuma ya sake.

Wajen jaket muka ɗan ja. Na ɗauko wata kumburarriya, ya karɓe ya ce wannan za ta mayar da ni buhun auduga. Ya zaɓo wata mara nauyi da ruwa ke zamewa a kanta, ya sa na gwada a kan duk abin da ke jikina, ya duba ɗinkin kafaɗa ya ce nan ake gane jaket ta mutum ce ko ta aro. Ya ba ni safa ƙafa biyu, ɗaya a ƙafa ɗaya a aljihu, wai duk gayun mutum in ƙafarsa ta jiƙe fuskarsa za ta tona shi. Takalmi rufaffe mai ƙasan roba da zane, ruwan ƙasa. Laima baƙa mai naɗewa. Ƙarshe ya ɗauko shal na ulu, ya yafa min a ka ya zagayo da shi wuya ya jefa gefe ɗaya a kafaɗa, rinin da ke wuyana ya ɓuya. Ya ce launi biyu ya isa, in an matsa uku, abin da ya wuce haka shago ne ba mutum ba. Ya faɗi kuɗi na taya, muka haɗu a tsakiya, duka bai kai aikin wuyan babbar rigata ba.

Na tsaya gaban madubi. Wallahi na yi kyau, kuma a karon farko tun rana na daina karkarwa. Amma raina bai kwanta ba. Ba hula, ba babbar riga, ba anko. Na san bakin matan biki, za a koma Bauchi a ce uban amarya ya zama Balarabe, ko ankon 'yarsa bai sa ba. Na tsara bayanin da zan fara yi musu tun kafin su tambaya. Tsoho ya ba ni kujerarsa a gaban jerin yaduka, ya kashe rediyo, ya koma bakin ƙofa. Ruwa yana ta zuba a kan rufin kasuwa.

Ƙarfe biyar saura ashirin waya ta yi ƙara. Fuskar Yaya ce ta cika gilashi, hayaniya a bayanta. Na gyara zama na gyara shal. Ta ce, “Ga ta nan an kawo ta, yi mata, mutane na jira.” Ta juya wayar.

Ɗakina ne, cike da mata, sai ƙafafu da gefen zannuwa nake gani. A tsakiya ga Ummi a durƙushe a kan darduma, an lulluɓe ta da lafaya tun daga kai har ƙasa, ta kifa kai a gwiwa. Tafin hannunta kaɗai ke waje, ya sha lalle, kafaɗunta suna rawa. Sai a lokacin abin ya faɗo min. Amarya ba ta ɗaga kai. Da idona na ga an kai ƙannena mata uku gaban mahaifinmu, ba wadda ta dubi fuskarsa, balle rigarsa. Na san wannan sarai, amma na daɗe ina zuwa wa iyalina a hoto har na manta cewa akwai ranar da ba kallo ake yi ba. Matan dangin ango ma ba wadda ta leƙo, kowacce na harhaɗa jakarta.

Na buɗe baki, murya ta ƙi. Ta dushe, ga hanci ya toshe. Na yi gyaran murya, atishawa ta ƙwace min har sau biyu. Duk doguwar nasihar da na yi sati ina tsarawa ta gudu. Na ce mata ta ji tsoron Allah, ta riƙe salla, ta yi haƙuri da mijinta da mutanensa, kada ta bar aikinta na taimakon mata. Na ce ban taɓa jin abin kunya daga gare ta ba, na yafe mata duniya da lahira, ita ma ta yafe min rashin zamana. Na sa mata albarka. Ɗakin ya amsa da amin.

Sai na ga lafayar ta motsa. Yaya ta sunkuya ta kai wayar kusa, gilashin ya cika da yadi. Daga ciki muryar ta fito, ƙasa-ƙasa, cikin kuka.

“Baba, mura kake yi? Kana da rigar sanyi kuwa?”

Na ce, “Ina da ita, Ummi. Tana jikina.”

Ta ce, “To kada ka cire.”

Wata tsohuwa ta ce lokaci ya tafi, motoci sun daɗe a waje. Aka rangaɗa guɗa, na ga silin, na ga ƙofa, waya ta katse. Duka bai kai minti biyar ba, kuma ba wanda ya tambaye ni anko. Na zauna riƙe da waya, hawaye na zuba a kan shal ɗin da ko awa ɗaya bai yi a wuyana ba. Abokan tafiyata suka fita wai za su duba mota. Tsoho ya ƙara min shayi, ya koma bakin ƙofa ya ci gaba da kallon ruwa.

Lahadi da asuba muka kamo hanyar dawowa, daina ba kaya tana ta tsalle. Abin da tsoho ya faɗa na gani da idona. Na bar Khamis da komai a jikina, a Taslis na cire jaket, kafin Wadi Dawasir suwaita ta bi ta, muna wuce Laila Basudanen ya kunna na'urar sanyi ni kuwa na roƙe shi ya rage. Shaddar tana cikin baƙar leda a ƙarƙashin ƙafata. In na sami mai tafiya zan aika a sake rina ta a buge, ƙanina ya ce za ta tashi. Mun shiga Riyad ana kiran magariba, iska ɗumi, titi cike da motocin masu tashi daga aiki.

Ga wanda zai je Abha ko wani gari mai sanyi da ruwa, ga abin da na koyo da jikina. Kada safiya ta ruɗe ka, dubi abin da 'yan gari suka sa ka bi su. Bugaggiyar shadda da hula mai sitati ka bar su a leda sai ka shiga ƙarƙashin rufi. Ka sa kaya hawa-hawa, masu duhu, ka rufe ƙafarka, kuma in dattijo ya miƙo maka jaket ka karɓa ko da tambarin me ke jikinta. Gayu yana nan a ƙasar ruwa, nasu ne dai daban da namu. Ɗaya darasin kuwa ya fi min ciwo. Shekara goma sha ɗaya ina ƙoƙarin mutanen gida su ga na yi kyau, ashe su abin da suke son sani shi ne ko ina lafiya.

Na sauka a bakin masauki ina laluben makulli sai saƙon murya ya shigo daga sabuwar lamba. Ummi ce, daga Bauchi. Ta ce sun isa lafiya, mutanen gidan suna da kirki, kada in damu. Ta ce in dafa citta da kanumfari in sha da zafi safe da yamma, kuma za ta kira jibi ta ji muryar, in ba ta washe ba sai na je asibiti. Na saurare shi sau huɗu a tsaye a bakin ƙofa. Sannan na mayar da makullin aljihu, na koma shagon kan kwana na sayo citta.